Baba Sa-barci Ya Ƙi Faɗin Sunansa

Ranar da likita ya ɗaga hoton cikinsa ya nuna masa ƙarin da ya tsiro a hanjinsa, Baba Sa-barci ko gyara zama bai yi ba. Ya dubi hoton kamar yadda makaniki ke duban motar da ba tasa ba. Likitan ya ce in an cire ƙarin yanzu akwai sauran shan ruwa a gaba, in kuwa aka bar shi, to sai dai a yi ta lallaɓawa har lokaci ya yi. Ya ƙara da cewa aikin biyu ne: yanzu a cire, bayan wasu watanni a dawo a haɗa hanjin. 'Yarsa da ta rako shi ta ce a sa rana kawai. Shi kuwa ya ce a bar shi ya je gida ya yi tunani.

Ba wuƙa yake tsoro ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin tiyata, wanda ya san ƙarar kowane almakashi a kan tire, ai ba a tsorata shi da wuƙa. Abin da ke ransa daban ne, bai kuma faɗa wa kowa ba. Ya gaji. A ganinsa, in har aka kwantar da shi barci, to babu dalilin da zai sa wani ya wahalar da kansa wajen tashinsa.

Sunan nan na Sa-barci a asibiti ya samo shi, ya bi shi coci, ya bi shi kasuwa, har ta kai maƙwabta ba su san yana da wani ba. Da turin gadon marasa lafiya ya fara, yana saurayi siriri kamar tsinken tsintsiya, sirantar da ba ta taɓa barinsa ba har tsufa. Wata tsohuwar sista ce ta lura hannunsa ba ya rawa ko jini ya malale ƙasa, ta sa baki aka tura shi kwas. Daga nan ya zama mai tsayawa a wajen kan mara lafiya. Shi ke neman jijiya, shi ke tura allurar barci, ya zura bututun numfashi, sa'annan ya ja kujerarsa marar jingina ya zauna bayan koren labule yana gadin numfashin mutum. Likita na can yana aikin da za a yaba masa. In an fito, dangi su yi ca a kan likita da godiya, wasu har da hawaye, shi kuwa ya bi ta gefensu da kofin shayinsa ko sannu babu mai ce masa. Yakan ce abin ba ya damunsa. Yana damunsa mana, haɗiyewa dai ya iya.

Akwai wata ɗabi'a da aka san shi da ita, wadda sababbin ma'aikata kan yi wa dariya kafin su saba. Ba ya tura allura sai ya yi tambaya guda.

"Ranka ya daɗe, kafin mu fara, da wane suna mahaifiyarka take kiranka?"

"Ga sunana nan a jikin kati."

"Na kati na hukuma ne. Na gida nake nema, wanda take kira in ka yi nisa wurin wasa."

Mutum yana kwance cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, an raba shi da agogo da takalmi da girman kai, ai ba ya iya dogon musu. Wani babban ɗan kasuwa mai tumbi ya waiga hagu da dama kafin ya raɗa masa cewa Ƙwai ake ce masa. Wani soja da aka kawo da karaya ya ce Lelen Mama, ya kuma yi rantsuwa in maganar ta fita sai ya dawo ya karya Baba. Wata tsohuwa kuwa da ta faɗi nata sai ta fashe da kuka, don rabon da ta ji shi a bakin wani tun rasuwar uwarta. In an gama ɗinki, ya rufe iskar barci, sai ya sunkuya daidai kunnen mutum ya ce, "Ƙwai, an gama, dawo."

Asalin abin daga uwarsa ne. Yana yaro ba a taɓa yin mai nauyin barci irinsa ba. Takan kira shi da sunansa na baftisma har muryarta ta dushe, ta girgiza shi, ta janye bargo, ko gezau. Sai ta sunkuya ta faɗi wani suna da ta laƙaba masa tun yana goye, nan take ya buɗe ido. Wannan suna mutum biyu kaɗai suka taɓa kiransa da shi a duniya, uwarsa da matarsa, kuma duka biyun ƙasa ta rufe musu ido.

Likitoci sukan ce masa, "Baba, ko ka kira ko ba ka kira ba, in magani ya sake shi ai zai farka." Gaskiyarsu ne, shi ma ya sani, bai kuma taɓa iya nuna wa kowa bambancin ba. Amma tambayar da aikin ya dasa masa ta ƙi barinsa. Ga mutum nan yana magana, yana tsoro, yana tunanin 'ya'yansa. Ka tura ruwan da bai cika cokali ba, shi ke nan, a yanka shi a juya hanjinsa bai sani ba. In ya farka ka tambaye shi ina ya je, sai ya ce, "Au, har an yi?" To ina mutumin ya tafi a tsakani?

Ya kai tambayar wurin Ticha, maƙwabcinsa na jikin katanga. Ticha falsafa ya karanta a jami'a, ya ƙare da koya wa 'yan sakandare rubutun insha'i, bai kuma yafe wa duniya wannan ba har ya yi ritaya. Kullum da yamma sukan zauna a benci a ƙofar gidan Baba da filas ɗin shayi a tsakaninsu, Ticha yana shan na mutane yana kushe sukarin.

"Masana sun kasu," in ji Ticha. "Wasu sun ce rai ɗan haya ne a cikin jiki, in gida ya rushe ya kwashi kayansa ya yi gaba. Wasu suka ce a'a, rai da jiki kamar kaifi ne da wuƙa, ba ka zare kaifin ka sa a aljihu. Na baya-bayan nan kuma sun ce duk surutu ne, ƙwaƙwalwa ce kawai ke aikinta. In ka kashe fanka ai ba ka tambayar ina iskar ta tafi."

"To kai wanne ka ɗauka?"

"Ya danganta da yadda na kwana. In ƙafata na ciwo, ina tare da masu fanka."

Ya kai tambayar coci. Faston da suke da shi a lokacin ya taɓa yin wa'azi cewa mutum kashi uku ne: jiki mai taɓa duniya, rai mai tunani da so da ƙi, da kuma ruhu wanda ke fuskantar Allah. Bayan an tashi Baba ya tare shi a bakin ƙofa. "Fasto, in na tura allurar nan, wanne ke kwanciya, wanne ke zama a farke?" Faston, Allah ya ba shi lada, bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce, "Baba, ban sani ba. Na dai san duka ukun a hannun Mai su suke." Da aka yi canjin fasto, sabon ya hau bagade ya ce kashi biyu ne, rai da ruhu abu ɗaya ne da suna biyu. Baba ya dawo gida ya shaida wa matarsa cewa yau an cire masa kashi ɗaya a coci, ko allura ba a yi masa ba.

A ƙarshe dai ya haɗa nasa ra'ayin da kansa, ɗan ƙarami daidai shi. Jiki magani ke kama shi, magani ke sakinsa. Amma akwai wani da ke fita ya tsaya kusa, kamar wanda aka ce ya ɗan ba da wuri za a share ɗaki. Yana nan a bakin ƙofa yana jira. In an gama shara, rashin ladabi ne a bar shi tsaye ba a ce ya shigo ba. Da wannan ya rayu, da shi ya yi aiki, ya kuma ishe shi har ranar da Tela ta faɗi.

Tela yake kiran matarsa, don ɗinki take yi a wani ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Gajeriya ce mai dariya da dukan jiki, kullum da tef a wuya da zare a gashi. Ita ce ta tatsi sunan nan na yarinta daga bakin uwarsa tun suna neman aure, ta riƙe shi kamar makami. A gaban mutane Baban Rediyo take ce masa, don 'yarsu tilo tun tana rarrafe bakinta ba ya hutawa, uwar ta sa mata Rediyo, sunan ya zauna. Amma in suna su biyu, ko in ya ɗaure fuska a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai ta saki wancan sunan, duk fushin ya watse.

Wata ranar aiki da hantsi, tana tsakiyar auna wata mata, ta ce kanta, ta zube a kan keken ɗinki. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. A asibitinsa aka kawo ta, ɗakin kulawa ta musamman, kan gadon da shi da hannunsa ya sha gyara wa wasu. Na'ura na yi mata numfashi, zuciya na bugawa tsaf, hannunta da ɗumi. Ya ja kujera ya sunkuya daidai kunnenta. Ya kira ta da sunan da uwarta ke kiranta. Ya kira ta Tela. Ya kira ta Maman Rediyo, ya kira ta da na baftisma, ya kira ta da wasu sunaye da ba a faɗa a gaban mutane. Ya yi kwanaki yana kira, abokan aiki suna wucewa suna kau da kai don kunyarsa. Ya ce mata an gama, ta dawo. Ba ta dawo ba. Da zuciyar ta gaji ta tsaya, shi ne ya miƙa hannu ya kashe na'urar, don ba ya son wani ya yi.

Bai daina zuwa coci ba, sai dai ya koma bencin baya. Bai daina tambayar marasa lafiya sunansu ba, amma da baki kawai yake yi, kamar kwandasta mai kiran tasha. A ransa ya gama yanke hukunci. Ko dai babu kowa a bakin ƙofar tun farko, masu fanka ne da gaskiya, ko kuwa tana nan ta ji shi ta ƙi shigowa. Bai san wanne ya fi ciwo ba. Da lokacin ritaya ya yi aka yi masa ɗan taro a ɗakin hutun ma'aikata, aka ba shi agogon bango, ya kawo gida ya jingine shi bayan keken Tela da aka lulluɓe da zani. Bai taɓa sa masa batir ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ya tashi, ya share tsakar gida, ya dafa ruwan zafi, ya zauna. Rediyo, wadda yanzu shugabar makarantar firamare ce mai miji da 'ya'ya, takan biyo bayan an tashi makaranta da kula a hannu, ta buɗe firij ta yi faɗa, ta duba kwalaben magani ta yi faɗa, ta leƙa kwandon wanki ta ƙara wani faɗan. Murya gare ta irin wadda ke tsayar da yara a filin makaranta ba tare da lasifika ba. Yana sonta, amma in ta tafi yakan ji kamar an ɗauke ruwan sama daga kan kwano.

Da yammar ranar da suka dawo daga wurin likita, Ticha ya shigo da sandarsa ya zauna a benci. Ya riga ya ji labari, don muryar Rediyo ba ta san katanga ba.

"An ce kana jan ƙafa."

"Ina tunani ne."

"Tunanin me? Kai da ka kwantar da rabin garin nan?"

Baba ya juya cokali a kofi. "Ticha, in ɗan haya ya gaji da gida fa? Rufi na yoyo, wanda suke zaune tare ya tashi. Dole ne sai ya jira gini ya faɗo masa?"

Ticha ya ajiye kofinsa. Yau bai kushe sukari ba. "Ni fa abin nan da nake gaya maka a littafi na karanta, ba zuwa na yi na gani ba. Kada ka ɗauki maganar mutumin da ko kansa bai gamsar ba ka yi aiki da ita." Sa'annan ya ƙara da ƙunƙuni, "In ka tafi kuma shayin wa zan sha?"

Rediyo ba ta bi ta falsafa ba. Ta zo da safe, ta zo da rana, ta turo mijinta, ta turo Fasto, ta kira a waya har batir ya mutu. Ranar da ta gaji da faɗa sai ta zauna a bakin gadonsa ta yi shiru, abin da bai taɓa gani ba tun haihuwarta. Shirun nan ne ya karya shi. Ya ce to, a sa rana. Ta ɗauka ta ci nasara. Shi kuwa a ransa cewa ya yi zai je ya kwanta don a bar shi ya huta, sauran kuma tsakaninsa ne da Ubangiji. Ba zai yi wa kansa komai ba, shi mai tsoron Allah ne. Amma in ya sami kansa a bakin ƙofar nan, ba zai ba kowa abin da zai kira shi da shi ba.

Da safiyar ranar aka tura shi a gado mai taya ta dogon barandar da ya tura wasu yana saurayi. Bai taɓa ganin silin ɗin wurin ba sai yau, ashe duk tabon ruwa ne. Ɗakin tiyata yana nan da sanyinsa da warin maganinsa, sai dai na'urorin sun canza, sun ƙara yawan ƙara. Wadda ta tsaya a wajen kansa Sista ce, wadda a hannunsa ta koyi aiki, yanzu ita ce babba a sashen, har ta fara furfura a gefen hula. Ta ɗaura masa abin awon jini, ta sami jijiya a bugu ɗaya, ya ji daɗin hakan bai nuna ba. Sai ta sunkuyo.

"Baba, kafin mu fara, da wane suna mahaifiyarka take kiranka?"

Ashe ba ta daina ba. 

"Na manta."

"Haba Baba."

"Tsufa ne, 'yar nan. Na manta."

"Kai fa ka koya mini cewa ba a tura allura sai an ji suna."

"Na koya miki abubuwa da yawa marasa amfani. Likita na jira, yi aikinki."

Ta tsaya tana dubansa ta saman takunkumi. Ta san ƙarya yake yi, ya kuma san ta sani. Idanunta suka kawo ruwa, ta juya ta ɗauki sirinji. Ya ji sanyin maganin yana hawa hannunsa, ya ce a ransa, Ubangiji, ga ni nan, in da hali a bar ni. Ya so ya tuna fuskar Tela, bai kai ga hancinta ba.

Bai ga komai ba. Babu ƙofa, babu haske, babu Tela, babu ma duhu, don duhu sai da mai ganinsa. Abin da ya fara sani shi ne wata murya mai kaushi, kamar ta wanda ya haɗiyi yashi, tana cewa, "Na'am." Sai da ta sake faɗa ya gane tasa ce.

Daga baya Sista ta ba shi labarin abin da ya faru. Aiki ya yi kyau, an cire ƙarin, an kai shi ɗakin farfaɗowa yana numfashi da kansa. Waɗanda aka yi wa aiki bayansa duk suka farka aka wuce da su, shi yana nan kamar gungume. Ta kira shi Baba, ta kira shi Sa-barci, ta kira na jikin kati, ta murza masa kunne, shiru. Likita ya duba ya ce tsufa ne, jikinsa na jan maganin a hankali, a ƙara masa lokaci. Ita dai hankalinta bai kwanta ba, don ta ga idonsa lokacin da ya ce ya manta. Sai ta karya doka ta leƙa baranda ta jawo Rediyo, ta tambaye ta ko ta san sunan da kakarta ke kiransa. Rediyo ba ta sani ba, ba ta ma san akwai wani suna ba. Da Sista ta gaya mata yadda suka yi da shi kafin allura, sai ta gane abin da tsohon ya shirya.

Da farko lallashi ta yi, ta riƙe hannunsa tana Baba, Baba, a hankali. Da ta ga abin ba na lallashi ba ne, sai shugabar makaranta ta fito.

"Baba! Wato haka ka shirya mini? Ka bi ni kamar rago ka sa hannu a takarda, ashe guduwa za ka yi? Mama ta tafi ba sallama, na yi shiru don na ga kai ka fi ni shiga uku. Ko sau ɗaya ka taɓa tambayata yadda na yi? Kullum ina zarya gidanka kana kallona kamar mai karɓar haraji. Kana tsammani don firij ɗinka nake zuwa? Ni ma uwa na rasa! In ka tafi, wa ya rage a duniya da ya san ni tun ban iya magana ba? Ina magana kana jina. Baba!"

A nan ne ya amsa, in ji Sista, har nas ɗin da ke gyara ƙarin ruwa ta saki abin da ke hannunta.

Shi bai ji ko kalma ɗaya daga cikin faɗan ba. Ya dai buɗe ido ya ga fuskar Rediyo a kansa, ta kumbura da kuka, hular asibiti ta karkace. Abin da ya fara ji a ransa haushi ne, gaskiya, irin haushin wanda aka tasa da asuba ranar hutu. Cikinsa na zafi, bakinsa ya bushe, gajiyar nan tana nan inda ya bar ta. Amma hannunsa na cikin nata, ya kuma lura shi ne ya damƙe.

Da aka mayar da shi ɗaki, washegari Ticha ya zo dubiya da lemo a leda, ya zauna ya ɓare ya shanye abinsa tun da mara lafiya ba a ba shi izinin ci ba.

"To, ɗan haya, ka je ka dawo. Me ka gani?"

"Ban ga komai ba."

"Ka ga! Masu fanka ke nan."

"Wataƙila." Baba ya dubi silin. "Sai dai ni na kwanta da niyyar ba zan amsa ba. Da hankalina, da tunanina, da duk abin da Fasto ke kira rai, na ce ba zan amsa ba. Duk waɗannan suna kwance aka kira, wani ya amsa. Bai ko yi shawara da ni ba."

"Jijiyar kunne ce da ta maƙogwaro."

"To. Amma Sista ta kira, jijiyar ba ta amsa mata ba."

Ticha ya tofar da ƙwallon lemo a tafin hannu ya ce zai yi tunani a kai. Ya miƙe zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ita Maman Rediyo fa?"

Tambayar da Baba ya yini yana juyawa ke nan. Ya ce, "Da ina cewa ko babu kowa a wurin, ko ta ƙi ni. Yanzu ina ganin ta amsa. Wani ne dai ya riga ni kira, wanda ya fi ni sanin sunanta." Bai ce ya tabbata ba, Ticha ma bai nemi hujja ba.

Da la'asar Rediyo ta dawo daga makaranta da alli a gefen zani. Ba ta yi masa maganar abin da ya faru ba, ta hau gyara filo tana faɗa da nas a kan taga da aka bari a buɗe. Ya bi ta da ido. Ya ga furfura a goshinta, ya ga yadda take dafe ƙugu in ta sunkuya, irin na uwarta sak. Rabon da ya dube ta da kyau har ya manta, kunya ta kama shi.

"Rediyo."

"Na'am, Baba."

"Likita ya ce akwai aiki na biyu."

Hannunta ya tsaya a kan filo. "Na sani."

"Zo nan. Kawo kunnenki."

Ta sunkuyo a tsorace. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya raɗa mata. Ta ɗago ta dube shi tun daga kai har ƙafa, tsoho siriri da bargo ya kusa ɓatar da shi.

"Ɗan Tulu?"

"Rage murya, ke! Ina jariri ƙato ne ni."

"Ɗan Tulu! A kan Ɗan Tulu ka kusa kashe ni?" Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki, dariyar ta juye kuka, ta zauna a bakin gado ta kifa kai a kafaɗarsa. Ɗinkin ya yi masa zafi, bai ce ta ɗaga ba.

"Kada Ticha ya ji," in ji shi. "Ki gaya wa Sista ita kaɗai. In an gama na biyun aka ga na yi nauyi, ki zo da kanki ki kira. Zan dawo."